Gangar Giya da Suɓutar Baki: Waiwaye kan Carla Bruni

Ranar Lahadi, 18 ga Nuwamban 2012, a wani ƙaramin gari da ake kira Beaune a yankin Burgundy na ƙasar Faransa, an yi gwanjon wata gangar giyar inabi mai cin lita 350. Wadda aka gayyato ta tsaya a kan cinikin ita ce Carla Bruni, tsohuwar mai tallan kayan ƙawa, mawaƙiya, kuma matar Nicolas Sarkozy, wanda wata shida kafin nan ya sha kaye a hannun François Hollande ya tattara nasa ya nasa ya bar fadar Élysée. Don ta zaburar da masu tayi, sai ta ce idan kuɗin ya kai yuro 200,000 ita da kanta za ta kai wa mai saye gangarsa, idan kuwa ya kai 250,000 har maigidanta zai rako ta. Aka yi ta tayi, daga ƙarshe aka sallama wa wani attajiri ɗan ƙasar Yukren a kan yuro 270,000. Kuɗin ya tafi ga gidauniyarta da wata gidauniya mai kula da masu ciwon farfaɗiya.

Kafin watan ya ƙare sai ga hirar da mujallar Vogue ta Paris ta yi da ita ta fito. A ciki ta ce matan zamaninta ba su da buƙatar zama 'yan gwagwarmayar ƙwato haƙƙin mata, tunda magabata sun riga sun fasa musu ƙofa. Ta ƙara da cewa ita 'yar gidan wadata ce, zaman iyali take so da rayuwa mai tsari. Nan take mata suka yi mata caa. A lokacin an ɗauki gwanjon labarin nishaɗi, hirar kuma labarin siyasa, kamar babu abin da ya haɗa su. Yanzu da ƙura ta daɗe da lafawa, ni dai labari ɗaya nake gani: na macen da babban jarinta sunanta ne da fuskarta, da kasuwannin da wannan jari yake ci, da waɗanda ba ya ci.

Sai an san gidan da aka yi gwanjon kafin a gane yadda giya ta haɗu da sadaka, don ga Musulmi abin da wuyar haɗiya. A 1443, lokacin da dogon yaƙin Ingila da Faransa ya jefa yankin cikin yunwa da cuta, wazirin mai mulkin Burgundy, Nicolas Rolin, da matarsa Guigone de Salins suka gina wa talakawa asibiti a Beaune. Tun daga 1457 masu hali suka riƙa ba asibitin kyautar gonakin inabi, kwatankwacin yadda ake wakafin gona ko rumfar kasuwa a ce amfaninta na marayu ne, sai dai nan abin da gonar ke haifarwa giya ce. Yau gonakin sun kai kimanin hekta 60, a cikin ƙasar noman inabi da ke sahun mafi tsada a duniya. Tun 1859 ake gwanjon abin da suka bayar, kuma an tsayar da ranar a Lahadi ta uku ta watan Nuwamba. Kuɗin na shiga sayen kayan aikin asibiti da gyaran tsofaffin gine-ginensa. Amma duk shekara akan ware ganga ɗaya a sayar domin wata sadaka daban, a kuma gayyato wani fitacce ya tsaya a kanta. Masu tallan kayan ƙawa sun sha samun wannan gayyata: Inès de la Fressange a 2011, Carla a 2012, Adriana Karembeu a 2014. Dalilin a fili yake. Giyar da ke cikin gangar tana nan yadda take ko wa ya tsaya a gefenta, farashin ne ke motsi.

A da sana'ar ba ta da wannan kwarjini. Tun zamanin Charles Worth, telan nan ɗan Ingila da ya buɗe gidan ɗinki a Paris a 1858 yana sa matarsa Marie ta saka kayan don masu saye su gani, mai tallan kaya ba ta da suna, balle baki. Aikinta ta sa riga, ta yi taku, ta juya, ta koma ciki a canza mata wata. Albashi kaɗan, daraja kaɗan, kuma gidajen da ke ji da kansu ba sa son a ce 'yarsu tana wannan aiki. An ɗan sami sauyi a shekarun 1960 da fitowar irin su Twiggy a Landan, amma sai a ƙarshen shekarun 1980 ne lamarin ya juya baki ɗaya. Gianni Versace ya lura cewa jama'a sun fi zuwa kallon matan fiye da rigunan, sai ya riƙa zuba kuɗi yana tara manyansu a dandamali ɗaya. A 1990 Linda Evangelista ta yi maganar nan da har yau ake tuna mata, cewa irinsu ba sa tashi daga barci a kan abin da bai kai dala 10,000 a yini ba. Daga nan Naomi da Cindy da Claudia suka zama sunayen da ko ba a faɗi na uba ba an san su wa ake nufi.

Cikin wannan ayari Carla ta shiga a 1987 tana 'yar shekara 19. Bambancinta da yawancinsu shi ne ba neman na tuwo ne ya kai ta ba. A Turin ta Italiya aka haife ta a 1967, a gidan Bruni Tedeschi, masu kamfanin CEAT da ke yin tayoyin mota da wayoyin lantarki. Mahaifiyarta, Marisa Borini, gwanar kaɗa fiyano ce. Gidan ya yi ƙaura zuwa Faransa a shekarun 1970 saboda tsoron 'yan Red Brigades masu sace attajirai. Ta yi makarantar kwana a Siwizalan, ta fara karatun zanen gine-gine ta watsar. Shekara goma ta yi tana tallan kayan Dior da Chanel da Versace da Yves Saint Laurent, a 1997 ta ce ya ishe ta haka. A 2002 ta fitar da faifan waƙoƙinta na farko, ya sayu kusan kwafi miliyan 2, abin da ya rufe bakin masu cewa kyau kawai gare ta. A Nuwamban 2007 ta haɗu da Sarkozy wajen wata liyafar cin abincin dare, ranar 2 ga Fabrairun 2008 aka ɗaura musu aure a cikin fadar Élysée.

Akwai dalilin da ya sa sadakar mutanen wannan sana'a ta fi karkata ga cutar ƙanjamau, kuma ba na kwalliya ba ne. Cutar ta yi wa sana'ar ɓarna tun farkon fitowarta. Mai zanen kaya Perry Ellis ya mutu a 1986, a shekarar ne kuma Gia Carangi, wadda ta yi tashe a tallan kaya, ta bi shi tana da shekara 26. Willi Smith ya tafi a 1987, Halston da Patrick Kelly a 1990. Ga kuma masu gyaran gashi da masu kwalliya da masu ɗaukar hoto da ba a rubuta sunayensu ba. Matan da suka yi tashe a wannan zamani sun yi ta zuwa jana'izar abokan aikinsu a daidai lokacin da gwamnatoci ke jin nauyin ambaton sunan cutar. Gidauniyar amfAR, wadda Elizabeth Taylor da Dokta Mathilde Krim suka jagoranci kafawa a 1985, ta mayar da liyafar dare da gwanjo hanyar tara kuɗin bincike, kuma tun 1993 take yin babbar liyafarta a lokacin bikin finafinai na Cannes. Salon da aka saba da shi yanzu ke nan: teburi mai tsada, kwalabe a jere, kyakkyawar mace a kan dandamali tana zuga attajirai su yi gasar kyauta. Ita Carla abin ya shigo mata har cikin gida, don wanta Virginio ƙanjamau ce ta kashe shi a 2006.

Kafin ma ta fara nata aikin, wani abu ya faru da ya nuna iyakar wannan salo. A Afrilun 2008, makonni kaɗan bayan ta raka mijinta ziyarar aiki Ingila har ta gaida Sarauniya cikin shigar kamala, kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wani hotonta na tsiraici da Michel Comte ya ɗauka a 1993. An saye shi dala 91,000. Ba ita ta sayar ba, wani mai tara hotuna ne, kuma an yi niyyar ba da kuɗin ga asibitocin yara na Kantha Bopha a Kambodiya, inda ake yi wa yara magani kyauta. Likitan da ke riƙe da asibitocin, Dokta Beat Richner ɗan Siwizalan, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana kaɗa goge irin na Turawa yana roƙon kuɗin magani, ya ce ba ya so. Hujjarsa ita ce mutanen Kambodiya ba sa kallon tsiraici yadda Turawa ke kallonsa, kuma yana girmama yaran da yake dubawa da iyayensu mata. Aka juya kuɗin zuwa wani aikin tace ruwan sha da hasken rana. Ba kasafai ake jin mai karɓa ya tambayi asalin abin da aka miƙo masa ba, shi ya sa wannan labari ya fi tsaya mini a rai fiye da duk liyafofin Cannes.

Ranar 1 ga Disamban 2008 aka naɗa Carla jakadiyar Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro, wanda aka kafa a 2002 yake da mazauni a Geneva. Ɓangaren da ta zaɓa shi ne hana uwa sa wa jariri cutar, kuma zaɓi ne na hankali. Idan ba a ba mai ciki magani ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauki cutar, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Idan aka gwada ta da wuri aka ɗora ta kan magani har ta yaye, adadin yakan sauko ƙasa da 5. Maganin yana nan, ba shi da tsada sosai, abin da ya rage shi ne mace ta je awo, a sami abin gwaji a asibitin, miji kuma kada ya kore ta idan sakamako ya fito. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, yara sama da 400,000 suka kamu a 2008, mafi yawansu a Afirka. Carla ta je Wagadugu a Fabrairun 2009, ta je Jamhuriyar Benin a Janairun 2010 tare da Melinda Gates, a Mayun shekarar kuma ta jagoranci gangamin Born HIV Free don a matsa wa ƙasashe masu arziki lamba kafin taron tara kuɗi na Oktoba a New York, inda aka yi alkawarin dala biliyan 11.7. Burin shi ne a kawo ƙarshen haihuwar jarirai da cutar kafin 2015. Ba a cim ma burin ba, amma adadin ya faɗo zuwa kimanin 120,000 a 2023. Najeriya har yanzu tana cikin ƙasashen da suka fi yawan irin waɗannan yara.

Nawa ne rabonta a wannan ragi? Kaɗan, in za a yi adalci, don aikin na unguwar zoma ne da malaman jinya da masu raba magani. Amma a lokacin Faransa ce ta biyu wajen zuba wa asusun kuɗi bayan Amurka, kuma a shekarun da tattalin arzikin Turai ya durƙushe, samun mai tuna wa shugaban ƙasa da batun a kan teburin cin abinci ba abin rainawa ba ne.

Sai dai an gama aikin da tsami. A farkon 2011 rahotanni suka fito cewa an yi sama da faɗi da kuɗin asusun a Mali da Muritaniya da Jibuti da Zambiya, wasu ƙasashe suka dakatar da gudummawarsu. A Janairun 2012 mujallar Marianne ta yi zargin cewa an biya kamfanonin wani na hannun daman Carla dala miliyan 3.5 don gangamin nata ba tare da bin ƙa'ida ba. Asusun ya musanta, ita ma ta musanta. A ƙarshen watan shugaban asusun, Michel Kazatchkine, ya sanar da murabus bayan an naɗo wani manaja an rage masa iko. Abokiyar aikinta Naomi Campbell ta ga wanda ya fi wannan. A Satumban 2024 hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila ta gano cewa daga Afrilun 2016 zuwa Yulin 2022, kashi 8.5 cikin 100 kacal na abin da gidauniyarta Fashion for Relief ta kashe ne ya tafi ga tallafi, har da kuɗin otal na alfarma a Cannes da na sigari a cikin lissafin. Aka haramta mata riƙe amanar ƙungiyar agaji shekara 5. Ta ce ba ita ke riƙe da akalar kuɗin ba, ta ɗaukaka ƙara. Ko da an yarda da ita, maganar ta ƙara nuna inda gizo ke saƙar. Suna yana iya cika zaure da attajirai, amma ba ya zama ya duba rasit.

Mu koma ga hirar Vogue. Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne shekarar da aka yi ta. A zaɓen Yunin 2012 mata 155 ne suka shiga majalisar dokoki mai kujeru 577, duk da cewa tun 2000 akwai dokar da ta wajabta wa jam'iyyu tsayar da maza da mata daidai wa daida. Manyan jam'iyyu sun gwammace a zaftare musu tallafin gwamnati da su bi dokar, kuma jam'iyyar mijinta, UMP, tana kan gaba wajen asarar miliyoyin yuro a kan haka. A Yulin shekarar, ministar gidaje Cécile Duflot ta miƙe za ta amsa tambaya a majalisa sanye da doguwar riga mai zanen furanni, 'yan majalisa maza suka dinga yi mata ihu da sowa. Shekara guda kafin nan an yi badaƙalar zargin cin zarafin mace da aka yi wa Dominique Strauss-Kahn a New York, aka ji yadda manyan mutane suka yi ta neman rage wa abin nauyi. Kai, har a ranar da ta yi maganar, tsohuwar dokar birnin Paris ta 1800 da ta ce sai mace ta nemi izinin 'yan sanda kafin ta sa wando tana nan a takarda, sai a farkon 2013 gwamnati ta bayyana cewa ta mutu. Ƙasar da mata ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1945, matar aure ba ta iya buɗe asusun banki ko kama aiki ba da yardar miji ba sai a 1965, shekara biyu kafin a haifi Carla.

Ƙungiyar Osez le féminisme ta buɗe ƙofa, dubban mata suka yi ta aika wa Carla da dalilansu: gibin albashi, duka a gidan aure, tambayar da ake yi wa mace wajen neman aiki ko tana da niyyar haihuwa. Bayan 'yan kwanaki ta shaida wa mujallar Elle cewa ta yi suɓutar baki, abin da take nufi shi ne ita a karan kanta ba ta taɓa jin buƙatar shiga gwagwarmayar ba. Na yarda da ita, kuma gyaran ya fi maganar farko tona asiri. Wadda aka haifa a gidan masu masana'anta, ta shiga ɗaya daga cikin 'yan sana'o'in da mace ke ninka namiji albashi, ta yi kuɗin kanta tun kafin ta kai talatin, a ina za ta ci karo da ƙofar da aka rufe? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, nata kuwa bai taɓa yi ba. Kuskurenta shi ne ta auna matan zamaninta duka da mudun kanta.

Ba wai ba ta taɓa tsaya wa mace ba. A 2010 ta sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙar goyon bayan Sakineh Ashtiani, matar da aka yanke wa hukuncin jifa a Iran, jaridar Kayhan ta mayar mata da zagi na cin mutunci har sai da ma'aikatar harkokin wajen Iran ta nesanta kanta da kalaman. Mijinta ma yana da abin nunawa: shi ya naɗa Christine Lagarde ministar kuɗi, Rachida Dati ministar shari'a, ya ɗauko Rama Yade haifaffiyar Dakar ya sa a gwamnati, kuma a zamaninsa, a Janairun 2011, aka yi dokar da ta tilasta wa manyan kamfanoni ba mata kashi 40 cikin 100 na kujerun hukumomin gudanarwarsu. Amma ita kanta kujerar da Carla ta hau aro ce. Tsarin mulkin Faransa bai san da uwargidan shugaban ƙasa ba. Ba a zaɓe ta ba, ba a rantsar da ita ba, ranar da maigida ya faɗi zaɓe ita ma ta faɗi.

Duk wanda ke son ganin mai tallan kayan ƙawa da ta riƙe iko da sunan kanta, sai ya koma baya shekara kusan arba'in kafin wannan hira ya dubi Yuganda. Gimbiya Elizabeth ta masarautar Toro ta karanta shari'a a Cambridge, a 1965 ta zama mace ta farko daga Gabashin Afirka da aka rantsar lauya a Ingila. Da Milton Obote ya rushe masarautun ƙasar a 1967 sai ta koma Landan, ta shiga tallan kaya, hotunanta suka fito a Vogue da Harper's Bazaar. A 1974 Idi Amin ya naɗa ta ministar harkokin waje, ta tsaya gaban babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi jawabi da sunan ƙasarta. Ba ta cika shekara ba ya kore ta, ya kuma ƙaga mata sharrin lalata da wani Bature a filin jirgin saman Paris. Ta tsere daga ƙasar, ta kai jaridun Turai da suka yayata sharrin kotu, ta ci nasara. Daga baya gwamnatin Museveni ta tura ta jakadanci Amurka a 1986, ta kuma riƙe jakadancin ƙasarta a Jamus da Najeriya. Da ta hau kujerar gaske, makamin da aka fara zarowa a kanta jikinta ne, kuma duk digirinta bai kare ta ba. Da wuya a ji irin wannan mace ta ce an gama fasa ƙofa.

Ko a Beaune ɗin ma akwai abin lura. Guigone de Salins ce ta ci gaba da riƙe asibitin bayan mutuwar mijinta a 1462, mata masu hidimar addini ne suka yi jinyar marasa lafiya a cikinsa ɗaruruwan shekaru, amma sai a 2015 aka fara damƙa wa mace, Ludivine Griveau, shugabancin gonakin da rumbun giyar. Wato a ranar da Carla ke tsaye a kan ganga tana zuga masu tayi, ba a taɓa ba mace makullin rumbun da gangar ta fito ba.

A 2020 Carla ma ta tsallaka daga mai tallan giyar wasu zuwa mai gona. Ita da mijinta suka shiga hannun jari da ɗan kasuwa Stéphane Courbit da masanin giya Jean-Guillaume Prats a gidan gonar Estoublon da ke Fontvieille a yankin Provence, wanda aka fi sani da man zaitun, suka fitar da giya mai launin hoda da suka sa wa suna Roseblood. Ba ita ta fara ba. Brad Pitt da Angelina Jolie sun riga ta da gonar Miraval a wannan yanki, Christie Brinkley ta fito da tata a 2016, Cara Delevingne da 'yan'uwanta mata a 2020. Lissafin mai sauƙi ne. Bafaranshen shekarun 1960 yakan sha sama da lita 100 na giyar inabi a shekara, har sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta. Yau abin ya sauko wajen lita 40. Jar giyar da kakanni ke sha da abincin rana tana ja da baya, mai launin hoda ce ta yi kasuwa, ga shi ba ta buƙatar ta shekara da shekaru a rumbu kafin a sayar, kuma launi da siffar kwalba da sunan mai ita su ne rabin cinikin. Mata ne kuma aka fi yi wa tallanta. Dokar Évin ta 1991 ta hana tallan barasa a talabijin da sinima, ta ƙuntata abin da za a iya nunawa a sauran wurare. To, idan mai gonar fitacciya ce, 'yan jarida ne ke bin ta da kansu suna neman hira, ba ta biya ko kwabo ba.

Ban ga laifin mace ta mallaki abin da take talla ba, hasali ma shi ne ci gaban gaske da sana'ar ta samu tun zamanin Marie matar Worth. Abin da ke da wuyar daidaitawa ya zo ne a Oktoban 2023, lokacin da Carla ta bayyana cewa shekara huɗu kafin nan an gano tana da sankarar mama. An yi mata tiyata da gashi da maganin da ake sha shekaru, kuma ta ce abin da ya cece ta shi ne tana zuwa a ɗauki hoton mama duk shekara, aka kama ciwon tun yana ƙarami. Ta roƙi mata su je a duba su. A ganina wannan ne aikin alheri mafi tsabta da ta taɓa yi, ba liyafa, ba gwanjo, ba ɗan tsakiya, kuma a karon farko tana magana ne a kan yoyon ɗakinta. Sai dai hukumomin lafiyar Faransa sun ƙiyasta cewa barasa na kashe mutum 41,000 a shekara a ƙasar, 11,000 daga ciki mata, kuma kimanin mata 8,000 ne ke kamuwa da sankarar mama duk shekara ta dalilinta. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke zaune a Lyon, ba nisa sosai da Beaune, tun 1988 ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa ciwon. Launin hoda da ke kan ƙyallen gangamin sankarar mama shi ne dai launin da ke cikin kwalbar.

Kasuwa ta riga kowa jin ƙanshin sauyin. Wata mai tallan kayan ƙawa 'yar Faransa, Constance Jablonski, ta haɗa kai da ƙawarta Maggie Frerejean-Taittinger suka kafa French Bloom, ruwan inabi mai kumfa da aka cire wa abin sa maye, bayan Maggie ta yi ciki ta rasa abin da za ta riƙe a hannu wajen biki. A 2024 Moët Hennessy, uban gidan masu shamfen, ya sayi hannun jari a kamfanin. Estoublon ma ya bi sahu da nasa marar sa maye, Carla ce kuma ke tallansa. Wataƙila a cikin duk abin da gonar ke fitarwa, ban da man zaitun, shi ne kaɗai abin da maigidan zai iya kurɓa, don Sarkozy sananne ne da rashin shan giya, halin da manoman inabin Faransa suka yi ta ƙorafi a kansa duk tsawon shekara biyar ɗin mulkinsa.